A Gidan Wa Zan Rame?

"Mama, in likita ya yanke maki ciki, ina dambun Kaka zai shiga?"

Jama'a, loma na hannuna, ta baro tire ba ta kai baki ba, Anisa ta jefo wannan tambaya. Da ƙarfi kuma, da irin muryar da suke rera waƙa a jardan, makarantarsu ta ƙananan yara. Shekararta biyar, har yau ba ta koyi raɗa ba.

Muna zaune ne bisa tabarma a Tondibia, ƙarƙashin mangwaron gidan su Zakari, iskar kogi na kaɗa mana mayafi. Ga waɗanda yau suka fara shigowa labarin nan, sunana Raliya. A unguwar Banifandou nake zaune da mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, da ɗiyata Anisa. Bazan, wato shadda, da leshi da turaren wuta nake sayarwa daga ɗaki. Baban Anisa ya rasu tana goye. Zakari kuwa mai gyaran firigo ne da kilimatizar, na'urar sanyaya ɗaki. Ya zo gyara mana firigo, ya gyara, ya dawo duba ko yana sanyi, ya sake dawowa duba ko sanyin bai yi yawa ba. Har Inna ta gaji ta ce masa, "Ɗan nan, firigo lafiya lau yake. Faɗi abin da ke kawo ka."

Ranar ce zuwana na biyu gaida mahaifiyarsa, Hajiya Kadi. Na ci bazan ruwan goro mai aikin zare a wuya, na kafa ɗauri, lalle har gwiwar hannu. Ita kuma ta cika tire da dambu, ta lulluɓe shi da kopto, wato kwaɗon zogale irin nasu na Zabarmawa, ta jera soyayyen giwan ruwa a kai. Gabana ta turo tsokar da ta fi kowace kauri.

Hajiya ta ajiye ludayi.

"Wane ciki? Wa za a yanka?"

Zakari yana can gefe bisa kujera yana dafa shayi. Na ji butar ta yi tsuwwa, ta zube a garwashi, bai ko duba ba.

"Mama mana," in ji Anisa. "A Tunis. Za a rage mata ciki ya koma kamar ayaba. Tanti Nafissa ta faɗa cikin waya."

Iyaye mata, ga darasin farko kyauta: kada ki saurari saƙon murya a fili yaro na wasa a gefenki. Kin ɗauka hankalinsa na kan ƴar tsana, alhali kunnensa na kanki.

Sai kun san wace ce Hajiya Kadi za ku gane girman ɓarnar. Tun ranar da ta fara ganina take sona, ba kuma don halina ba, don ba ta san shi ba tukuna. Damtsena ta kama ta matsa kamar mai tayin rago, ta juya ga ƴan'uwanta ta yi magana da Zabarmanci, suka sa guɗa. Daga baya Zakari ya fassara mini: "Allah ya cika mana ɗaki." A ƙuruciyarta, in ji ta, matan garinsu kan yi bikin masu ƙiba, mai jego ta fito bayan arba'in a kewaye ta da waƙa, a ga wadda mijinta da danginta suka fi iya kiwo. Ita sau biyu tana cinyewa, har yau in ta ba da labarin sai ta gyara zama. To wannan matar ce jikarta ta gobe ta shaida wa za a yanke cikin surukarta.

Ni kuwa ba ado nake nema ba. Kilona ɗari da ashirin da ɗoriya. Suga ya kama ni tun ina da cikin Anisa, bai sake ni ba. Tansiyo, wato hawan jini, ta biyo baya. In na idar da sallah sai na dafa bango nake tashi. Babana ma suga ne ya ci masa ƙafa kafin ya tafi da shi. Na sha jiƙon ganyen kinkeliba, na sha shayin rama na ƴan intanet, na yi tafiyar safe har takalmi ya buɗe baki. In rage kaɗan, in ƙara ninkinsa. Duk wannan na daure. Abin da ya karya ni shi ne ranar da na ɗauko Anisa daga jardan, balan-balan ɗinta ya kuɓuce ya nufi kwalta, ta bi shi. Na ga mota. Na yi ihu, na ɗaga ƙafa in ruga, jikina ya ƙi. Wata mai tuyar farimasa ce ta cafko ta a bakin kwalta, ni ina can baya ina haki, dafe da ƙirji. Yarinya ba uba, uwarta kuma ba ta iya gudu dominta. Washegari na nemi likita.

Tiyatar rage ƙiba iri biyu aka sa mini a gaba, silib da baifas. Ni tun kafin likita ta gama bayani na riga na zaɓa, domin ƙawata Nafissa ta yi silib bara, ta dawo kamar an sake haihuwarta. Saƙonta da Anisa ta ji ke nan:

"Ma sheri, silib! Kar ki bari su rikita ki. Ƙiftawar ido an gama, ki tashi ki yi tafiyarki. Baifas na tsofaffi ne, kullum magani, kullum ka'ida. Dube ni dai, tela ya rage kayana har ya gaji!"

Akwai kuma dalili na biyu, wanda shi ne na gaskiya. Na ɗauka silib zai ɓoyu. In ce na tafi sarin kaya, in dawo, a ɗaura aure bayan Sallah, in na ci loma biyu a gidan miji a ce kunyar amarya ce. Baifas kuwa an ce ko shayi mai suga ka sha sai jiri ya ɗebe ka. Ta yaya zan ɓoye wannan a gidan da buta ba ta sauka daga wuta? Zakari ya san komai, ya goyi bayan tiyatar, ɓoyon ne bai so ba. "Hajiya ba a ɓoye mata ko ƙwan zabuwa," in ji shi. Na ce ya bar ni da dabarata.

Ga inda dabarar ta kai ni: bisa tabarma, hannu cikin dambu, ido huɗu da Hajiya.

Na sunkuyar da kai na faɗa mata. Suga, tansiyo, kwalta, Tunis. Ta saurara har na gama. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ku ci, abinci na hucewa." Da za mu tafi ta ba Anisa buhun mangwaro kamar zuwan farko, ta raka mu bakin ƙofa. Amma ba ta matsa damtsena ba.

Muna isa gida saƙonsa ya shigo.

Zakari: Kun isa lafiya?

Ni: Mun isa. Hajiya fa?

Zakari: Tana ɗaki. Ta karɓi lambar Inna.

Ni: Ka ba ta?!

Zakari: Raliya, ita ta haife ni. Ba roƙo ta yi ba.

Ni: Na shiga uku.

Zakari: Matsa mini, tare muka shiga.

Ni: Wasa kake, ni ina jin kamar an fasa.

Zakari: Ni ban fasa ba. Ko ayaba kika koma, ko kankana kika zauna, wurinki na nan cikin firigona.

Kun ji kalaman soyayyar mai gyaran firigo. Na yi dariya har da hawaye, amma abin ba na wasa ba ne. Zakari ɗan fari ne, ba zai kawo matar da uwarsa ta juya wa baya ba, ni ma ba zan kai Anisa gidan da ba a maraba da uwarta ba.

Kafin magariba wayar Inna ta yi ƙara. Ita ma da ma tun farko ba ta son tiyatar. Kullum maganarta guda: "Jikin da Allah ya ba ka ba a kai shi mahauta." Suka yi ta magana, Inna da Hausar Maradi, Hajiya da Hausarta ta kasuwa, har waya ta yi zafi. Inna ta fito tana gyara kallabi, fuska wasai kamar wadda ta samu ƙawar zuwa biki.

"Yaushe ne randebu naki da likitar nan?"

"Alhamis, Inna."

"To da mu za a tahi. Ni da Hajiya. Mu ga wadda ke son yanka ɗiyan mutane da ransu."

Ran Alhamis Zakari ya kwashe mu, ya sauke mu ƙofar wata ƙaramar kilinik a unguwar Dar es Salam, ya ce shi zai jira a mota. Matsoraci. Dokta Aïchatou ce ke duba ni. Ita ke shirya mutum kafin tafiya, ita ke bin sa bayan ya dawo, fiɗar kuma abokin aikinta ke yi a can Tunis. Siririya ce, mai tabarau. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa, ta raɗa wa Inna, raɗar da kowa ya ji, "Wannan ai ita ke bukatar likita."

Dokta ta yi murmushi, ta gaida su har da rusunawa, ta sa aka ƙaro kujeru. Ta ɗauko wani tumbi na roba daga kan tebur.

"Ashe irin na rago ne," in ji Inna.

"Kusan haka, Hajiya. To ga silib." Ta ja yatsa daga sama zuwa ƙasa. "A yanke wannan babban ɓangaren a fitar da shi, ba ya dawowa. A bar siririn nan. Mutum ya ci kaɗan ya ƙoshi, yunwa ma ta ragu. Hanji ba a taɓa shi."

"A fitar a kai ina?" in ji Inna.

"A zubar."

"Innalillahi."

"Baifas kuma ba a fitar da komai. A keɓe ɗan aljihu a nan sama, kamar ƙwan kaza, a jawo hanji a jona masa. Abinci ya bi sabuwar hanya, ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Kamar dai in ana gyaran kwalta aka karkatar da motoci. Ya fi silib wuyar aiki, ya fi shi ka'ida. Raliya ta zaɓi silib, kuma bisa abin da ta gaya mini ban ga abin da zai hana ba. Na tambaye ta ko tana ƙwannafi, ko ruwa mai tsami na taso mata a maƙogwaro, ta ce a'a."

"Ba na yi," na ce.

Nan fa Inna ta ga ƙofa. Ta gyara zama, ta tafa hannu.

"Yauwa! Kin ji da bakinki, lahiyarta lau. Ina za ta yi ƙwannafi ina raye? Tun jegon Anisa ban taɓa barin ta ta kwanta ba ta sha jiƙon kanwa ba. Ungurnu ta gaske, daga gabas ake aiko mini. Ta ci abincinta, ta sha kofinta, ta yi gyatsa, ta jera filo ta yi barcinta a zaune kamar sarauniya. Ran da kanwa ta ƙare ne kawai take kwana tari. To mi za a yanka a jikin mai lahiya?"

Ta juya ga Hajiya don a yaba mata.

Dokta ta ajiye tumbin roba. Ta cire tabarau.

"Raliya. Barci a zaune?"

"Ai saboda nauyin jikina ne, Dokta."

"In ba ki sha kanwar ba fa?"

"Sai ƙirjina ya ɗauki wuta. Shi ya sa nake sha."

"To shi ƙwannafi mene ne?"



Wallahi ƴan'uwa ba ƙarya na yi mata ba. A gidanmu kanwa ba magani ba ce. Kamar wanke hannu bayan cin abinci take, kakata ta sha, Inna na sha, kofina na nan kusa da randa ban taɓa tunanin a kansa ba. Da ta tambaye ni magungunan da nake sha, na lissafo na suga da na tansiyo na yi shiru. Wutar da kake kashewa kullum tun kafin ta kama, ina za ka tuna kana da ita?

"Hajiya," in ji Dokta ga Inna, "kin zo ki hana tiyata, ga shi kin gyara ta. Allah ya saka maki."

"Ni? Mi na ce?"

Dokta ta sake ɗaukar tumbin. Ta ce silib yana mayar da tumbi matsattse, ruwan tsamin ciki ya rasa wurin zama ya yi sama. Mai ƙwannafi mai ƙarfi in ya yi silib, sau da yawa abin ƙaruwa yake, har wasu sai an sake komawa da su ɗakin fiɗa a mayar da shi baifas. Shi kuwa baifas yana kawar da ruwan tsamin daga hanyar maƙogwaro, kuma ga mai suga irina yakan fi kama shi. Ta ce da ma kafin tafiya za a zura mini kamara ta baki a duba, amma kamara ba kullum take ganin komai ba, bakin mara lafiya ne ke fara nuna hanya.

"Kanwa kuma daga yau a daina. Ƴar'uwar gishiri ce, tana tayar da tansiyo. Zan rubuta mata magani."

"Kanwar tawa?" in ji Inna, kamar an zagi kakanta.

Sai da muka miƙe Hajiya Kadi ta yi tambaya guda.

"Likita, wanne ya fi ramar da mutum?"

"Duka biyu suna ramarwa, Hajiya. Baifas yakan ɗan fi."

"Hm," in ji Hajiya. Ta ja mayafinta ta yi gaba.

Kamarar nan ba zan ba ku labarinta ba, don kar in hana wata zuwa. Na haɗiya dai, na yi kakari, na fito da rai. Abin da aka gani: ƙasan maƙogwarona ya yi ja ya ƙuje, saman tumbin kuma ya ɗan zame ya hau inda ba wurinsa ba. Dokta ta zaunar da ni, ni kaɗai wannan karon.

"Shawarata baifas," ta ce. "Amma ki ji kayansa kafin ki ɗauka. Bitamin har iyakar rayuwa, ba fashi, ko kin ji garau. Awon jini lokaci-lokaci. Abu mai zaƙi in kika sha, zufa da jiri da bugun zuciya. Ƙwayoyin ciwon jiki na masu tire a ka, kin yi ban kwana da su, suna iya huda maki ciki. Azumin farko bayan fiɗa da wuya ki yi shi, sai ramuwa. Ɗaukar ciki kuma, ko wanne kika yi, sai kin jira shekara ɗaya da rabi ko biyu. Kuma kowace fiɗa tana da haɗarinta, ba zan ɓoye maki ba. Jikinki ne. Je ki yi tunani."

Na aika wa Nafissa. Ta maido da murya: "Kai, likitocin nan da tsoratarwa! Ni ma fa tun da na dawo kullum sai na sha maganin ƙirji, in ba haka ba ba na barci, amma ai ba wani abu ba ne." Na saurara, wannan karon waya a manne da kunne. A saƙonta na farko ba ta faɗi wannan ba. Ba mugunta ba ce, ita ma ba ta lissafa shi ba.

Na yi istihara. Amma gaskiya ban daɗe ina juyawa ba. Silib na zaɓa don in ɓuya, ɓoyon kuma ya riga ya tashi. Abin da ya rage shi ne wanne zai bar ni a tsaye har in aurar da Anisa. Na kira Dokta na ce baifas. Saura in gaya wa Hajiya, in ji ko da sauran aure.

Ban kai ga zuwa ba ta zo. Ran Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina jera bazan ina ɗaukar hoto don masu saye, sai sallama. Hajiya Kadi ce cikin shuɗin lufaya, da ɗan ƙunshi a hannu. Inna ta shimfiɗa mata darduma, na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa.

"Wanne kika ɗauka?" ta ce. Ko ruwan ba ta taɓa ba.

"Baifas, Hajiya."

"Mai ramarwar."

"Shi." Na ci gaba. "Hajiya, gara ki ji daga bakina. Ba zan ƙara cinye tirenki ba, loma kaɗan ce tawa. Shayinki mai suga ba zan sha ba. Kullum za ki gan ni da magani. Jika kuma sai an jira kusan shekara biyu. Jikin nan da kika yi wa guɗa tafiya zai yi. Na so in ɓoye maki, ban kyauta ba. In abin bai yi maki ba, ki faɗa tun ba a raba goro ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Amma fiɗar zan yi. Yarinyar nan ba ta da kowa sai ni."



"Da kin ɓoye, yaushe za ki fara ramewa?" in ji Hajiya.

"Watannin farko ne aka fi zubewa."

"Wato a ɗakin ɗana."

"E, Hajiya."

Sai ta buga cinya. "Kin gani! Ke yarinyar nan kashe ni kika so yi! Amarya ta shigo gidan Kadi tana cika ƙofa, wata shida a gan ta zane na faɗuwa? Mi Tondibia za ta ce? Kadi ta hana ta abinci. Kadi mayya ce. Zakari na dukanta. In je foyandi, taronmu na mata, a bar ni ni kaɗai bisa tabarma? Ni da na ci bikin ƙiba sau biyu?"

"Hajiya, na ɗauka jikin ne..."

"Jiki! Ƙawayena da muka yi gasar nan, nawa suka rage? Ɗaya ba ta gani, ɗaya a keke ake tura ta. Ina da ido, ay izo." Wato ɗiyata. Karon farko ke nan da ta kira ni haka. "Jika kuma ina da su har sun ishe ni, mangwarona ba ya nuna saboda su. Ni sunan gidana nake tsoro."

Ta kwance ƙunshin. Ƴar tasa ce, irin wadda ake ba yaron da aka yaye, da ƙaramin cokalin shayi.

"Na zaga kasuwa, ita ce mafi ƙanƙanta. Mai kayan ya ce jika aka yi mini? Na ce suruka." Ta dangwara mini a cinya, ta kama damtsena ta matsa. "Bari in yi ban kwana da shi."

Jama'a, na yi kuka. Ina kuka ina dariya, majina da kwalli sun haɗu, Anisa ta fito da gudu tana tambaya wa ya doke ni.

"Ga sharaɗina," in ji Hajiya. "Gobe a foyandi ni da bakina zan faɗa wa mata, likita ne zai rage ki saboda suga, kowa ya ji. Sannan a ɗaga biki. Ki je a yi, ki dawo nan, ki rame a gidan uwarki har ki gama. Ki shigo gidana a rame. Daga nan ko kilo guda kika ƙara, nawa ne."

Inna, wadda tun ɗazu take share hawaye da bakin zane, ta tsaya cak.

"A gidan wa?"

"Gidanki mana."

"Wato ni za a ce na kasa ciyar da ɗiyata? Banifandou ba su da baki ne? Ta yi shekaru a hannuna tana cika ƙofa, sai a gan ta ta zube, a ce kasuwa ta karye mana? A'a, Hajiya. A ɗaura aure, ta rame a gidan mijinta kamar kowace mace."

"Kamar kowace mace? A gidan wa mata ke ramewa? Ba dai nawa ba!"

"To ba kuma nawa ba!"

Suka kafa. Kanwa ma sai da ta shigo, Hajiya ta ce da ba a yi ta ɗura mini ita ba da tuni an gano ciwon, Inna ta ce da ba don bakinta ba da an yi fiɗar da ba daidai ba. Suna yi suna miƙa wa juna goro. Na lallaɓa ɗaki da ƴar tasata, na rubuta wa Zakari.

Ni: Hajiya ta yarda!!! Amma ta ce a ɗaga biki sai na gama ramewa.

Zakari: Sai yaushe ke nan?

Ni: Shekara. Ko fiye.

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

Zakari: Wa zai raka ki Tunis?

Ni: Inna, ina ji.

Zakari: Mijinki zai raka ki. Su yi ta rigimar inda za ki tare, ɗaurin aure ba tarewa ba ne. Baffannina na nan tafe gidanku bayan la'asar. Kar ki gaya wa kowa.

Na leƙa ta taga. Tsofaffin nan biyu na can bisa darduma, kowace ta rantse ba a gidanta za a rame ba, ba wadda ta san abin da ke tafe da la'asar. Ni dai na ɗora ruwan zafi, na ciro sabon leshi.

Kafin su iso, ke da ke karanta wannan kina tunanin fiɗar nan, tsaya ki ji. Na san kina da wata Nafissa a waya, kina kallon hotonta kina cewa irin nata za ki yi. Cikinta daban, naki daban. In kin zauna gaban likita, kada ki tsaya ga abin da aka rubuta maki a farmasi. Faɗa mata jiƙon da kike sha, da garin da kike lasa, da yadda kike kwanciya, da abin da ke tashe ki daga barci, ko da kina ganin ba ciwo ba ne. Ni saura ƙiris in sa a yanke abin da ba ya dawowa. Bakin Inna ne ya cece ni, ita ma ba da niyya ba. Ke wataƙila ranar ke kaɗai za ki shiga ɗakin.